Tafiyata Tsafe da Makullin Aro

Tun ranar da hoton nan ya shiga zaurenmu na waya, na tsofaffin 'yan ajinmu, kunnena bai huta ba. Ga wadda ba ta gani ba, ni ce a ciki, zaune kan benci a tashar mota a Gusau, jaka a cinya, gefen zanena ya yi duhu da mai. Ban san wadda ta ɗauka ba, amma ta iya zaɓen lokaci. Hajiya Kulu ta kira ta yi mini jaje, ba ta faɗi abin da na rasa ba. Wata ta ce in akwai abin da ake ciki kar in ɓoye, ai an zama ɗaya. Wata kuma ɗana ta kira a Kaduna, tana tambayar ko gaskiya ne an sa gidana na unguwar Damba a kasuwa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi duka. Duk wadda ta sake tambaya, wannan zan tura mata.

Kun san na bar aiki ina shugabar makarantar 'yan mata. Alhaji Mudi, abokin marigayi maigidana, ɗan kasuwar hatsi ne a Tsafe. Ya gina makarantar kuɗi, ya roƙe ni in shugabanci kwamitin da zai tantance malamin lissafi. Ni na rubuta masa sanarwar neman ma'aikata da hannuna. A cikin sharuɗɗan akwai na biyar, wanda na fi alfahari da shi: dole mai neman aikin ya kasance yana da abin hawa na kansa. Dalilina shi ne, duk shekarun da na yi ina shugabanci, malamin da ya makara ba shi da wata magana sai "mota ce ba ta cika da wuri ba." Na rubuta sharaɗin ina kishingiɗe a falona, fanka tana kaɗa ni, na ce a raina na kashe wannan uzurin har abada.

An sa ganawar ranar Litinin da ƙarfe tara. Ranar Juma'a direbana Malam Isa ya kai ni Bungudu, sunan jikar ƙanwata Saude, da niyyar ya dawo ya ɗauke ni ran Lahadi mu wuce Tsafe in kwana can, tunda yanzu ba a sammakon wannan hanyar. Lahadi da hantsi ya kira. Mota tana wurin bakanike, giya ta lalace, sai an aiko da kaya daga Kano. Na kira Alhaji Mudi, wayarsa a kashe. Na duba tsakar gidan Saude, abin hawan da ke wurin babur ɗin mijinta ne kawai.

Saude ta ce, "Yaya, ki shiga motar haya mana. Mu da muke shiga kullum ga mu nan da ranmu."

Na lissafa, rabona da motar haya shekara goma sha tara. Na san akwai maƙwabta a Damba da za su aiko mini da mota in na roƙa, amma roƙon ne ban iya ba. Na ce wa Saude ta raka ni bakin titi, kuma kar ta gaya wa kowa.

A tashar Bungudu wani dattijon ɗan kamasho yana ta ƙwala kira, "Gusau mutum ɗaya! Mutum ɗaya ta tashi!" Na leƙa, ƙaramar mota ce, ga mutum huɗu a ciki. Na yi hamdala na shiga. Ina zama, ɗaya ya ce bari ya sayo goro. Can wani ya ce bari ya yi fitsari. Kafin minti goma ni kaɗai ce a motar, ɗan kamashon kuma yana nan yana neman mutum ɗayansa. Daga baya na gane aikinsu ke nan, su zauna mota ta yi kamar ta cika, su ja ra'ayin sababbin shiga irina. Ilimin farko ke nan, kuma kyauta aka ba ni shi.

Da aka cika da gaske, mu huɗu ne a baya, biyu a gaba ban da direba. A motata kujerar baya tawa ce ni da jakata. A nan aka nuna mini cewa mutum ba ya zama da mazaunansa duka biyu, ɗaya yake ajiyewa, ɗayan ya jira juyi. Wadda ta matse ni ta dama wata mata ce da ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, siririya, riƙe da leda biyu, ɗaya da takardu, ɗaya da farin hijabi a ninke.

Ta ce, "Inna, ki turo ƙafarki nan, akwai wuri."

Inna! Ni da ake ce wa Hajiya, ake ce wa ranki ya daɗe. Na haɗiye, na tura ƙafar, don da gaske ta fara sagewa. Ta ce sunanta Na'ima, daga Rawayya take, Tsafe za ta. Na ce ni ma Tsafe, wani ɗan aiki zai kai ni. Ba ta tambayi ko wane aiki ne ba.

Ba mu yi nisa ba na ji sanyi-sanyi a cinyata. Mutumin da ke haguna ya ɗora jarkar man gyaɗa a gwiwarsa, murfin bai rufu ba, duk ramin da muka faɗa sai leshina ya samu rabonsa. Na buɗe baki zan yi masa irin faɗan da nake yi wa ɗalibai, sai ya riga ni. "Yi haƙuri Inna, man mai kyau ne, ba gauraye." Duk motar aka yi dariya, har direba. Na'ima ta yage wata takarda daga littafinta ta goge mini iya abin da zai gogu.

A Gusau sai an canja tasha. Muka shiga keke mai ƙafa uku tare, na ce a biya da ni wani babban kanti in sayi maganin hawan jinina, don na bar nawa a Bungudu. Shekara shida ina sayayya a kantin nan. Akwai mai gadin da, da ya hango motata, yake rugowa ya buɗe mini ƙofa, ya tambayi yara, ya tambayi ƙafa. Ran nan shi ne a bakin aiki. Ya daka wa mai keke tsawa ya matsa gaba, nan wurin kwastomomi ne. Na sauko na nufo shi ina murmushi, ina jiran gaisuwata. Ya dubi zanena, ya nuna mini wani kati a bango.

"Baba, a nan ake ajiye jaka. In taimako ne kuma, sai ran Juma'a."

Na tsaya na dube shi ido cikin ido, bai gane ni ba. Ashe duk shekarun nan ba ni yake gaisarwa ba, motar yake tambaya lafiyar yara. Na ajiye jakar, na sayi maganina, na fito.

A tashar motocin Tsafe, nan cikin Gusau, muka yi zaman awa biyu. A nan aka ɗauki hoton da ya tayar muku da hankali. Abin da hoton bai nuna ba, a lokacin ina tauna hoce da ƙuli da Na'ima ta ciro daga jakarta ta raba mana, kuma ya yi mini daɗi fiye da abin da zan iya amsawa a gabanku. Da bas ɗin ta tashi ta biyo ta mahaɗar Damba, na hango kan layinmu, na hango mai shayin da ya san ni. Na ja mayafi na rufe fuska har hanci. Na'ima ta ɗauka ƙura ce ta dame ni, ta ja gilashi ta rufe.

Bayan mun fita gari ne ta gaya mini abin da zai kai ta Tsafe. Ganawar neman aiki, gobe da ƙarfe tara, a sabuwar makarantar wani Alhaji mai hatsi. Malamar lissafi ce. Shekara bakwai tana koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Bungudu, tana zuwa daga Rawayya kullum, har makarantar ta rufe bara. Mijinta manomi ne, gonarsa ta nesa kuma yanzu ba ta shiguwa. Yara uku.

Nan take na gane makarantar da take nufi. Na ce, "Allah ya sa a dace."

Ta ce, "Amin Inna, amma da wuya. Sun ce sai mai abin hawa. Wuri biyu na je kafin wannan. A na farko mutumin bai buɗe takarduna ba, ƙafata ya duba, ya ga ƙura, ya ce da me na zo. Na ce da mota. Ya ce tawa? Na ce ta haya. Ya ce za su kira ni. Har yau suna kira."

Na yi ƙarfin hali na ce, "Wataƙila makara suke gudu."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. "Inna, wanda ya san sai mota ta cika, shi ne mai fitowa da asuba. Shekara bakwai ni nake fara sa hannu a littafin zuwa aiki. Masu motar ne suke kira na a waya, Malama Na'ima don Allah ki bar mini layi a samanki."

Na tuna littafin makarantarmu, da layukan da nake gani da biro iri-iri a saman sunan wani malami mai zuwa daga ƙauye. Ban taɓa tambaya ba.

Direba, wanda ashe yana saurare, ya ce, "Wa ma ka rubuta irin wanga sharaɗi? Wanda ba shi da aiki, da mi zai sayi mota?"

Na'ima ta ce, "An ce wata tsohuwar shugabar makaranta ce daga Gusau. Ni dai ba na yi mata mugun fata. Allah dai ya ɗanɗana mata motar haya, ko sau ɗaya ne."

Bas ɗin gaba ɗaya ta amsa da amin. Ni ma na ce amin, a hankali, tunda na ga addu'ar an riga an karɓa.

Gab da Kwatarkwashi muka iso shingen masu kaki. Na sha wuce wurin nan. Abin da na sani shi ne Malam Isa ya rage gudu, ya sauke gilashi, a ce "a sauka lafiya Hajiya," mu wuce. Nakan ga mutane suna tafiya a ƙasa a gefen titi da kayansu, ban taɓa tambayar kaina daga ina suka fito ba. Ran nan na sani. Aka ce kowa ya sauko da jakarsa, mu taka a ƙasa mu wuce shingen, mota ta same mu a gaba. Muna cikin layi a rana, motocin gida uku suka wuce, gilashi a rufe, ba wanda ya leƙa cikinsu. Ban ce kar a yi bincike ba, kowa ya san halin da hanyar take ciki. Na dai koyi cewa mugu ba ya shiga mota mai sanyi.

A wurin nan dunduniyar takalmina ta dama ta karye. Na ɗan gwada tafiya ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, wata tsohuwa ta ce mini sannu da lalura. Na'ima ta ciro silifas ɗin wankanta, shuɗi, ta ajiye a gabana. Da shi na shiga Tsafe.

Tun kafin tafiyar Alhaji Mudi ya ce ya kama mini ɗaki a wani masaukin baƙi. Na'ima ta ce ba za ta bar ni in yi ta bulayi ba, ta raka ni har ƙofa, ta tsaya a waje da kayanmu. Mutumin da ke kan kanta, mai ɗaure da laktaye a wannan zafin, ya amsa sallamata yana duban silifas. Na ce akwai ɗakin da Alhaji Mudi ya kama. Ya ce ƙwarai akwai, na babbar baƙuwa ce daga Gusau. Na ce ni ce. Ya yi murmushin da ake yi wa mai taɓin hankali.

"Alhaji ya ce Hajiya za ta zo da farar mota da direbanta. Ina direban?"

Na nuna masa katin shaidata. Ya ce ba a ba shi suna ba, mota aka ba shi. Na ce to ya ba ni wani ɗakin in biya da kaina. Ya ce duk sun cika, alhali ga makullai nan a jere a bayansa kamar haƙora. Na sake kiran Alhaji, shiru. Na fito na ce wa Na'ima babu ɗaki.

Ta ce, "Ai shi ke nan, mu je gidan gwaggona. Can zan kwana, can ma zan zauna in na samu aikin. Tafiyar minti goma ce a ƙasa zuwa makarantar."

Gwaggo Tumba tsohuwa ce mai sayar da waina da safe, gidanta ɗaki biyu da rumfa. Ba ta tambayi ko ni wace ce ba. Na'ima ta ce baƙuwa ce muka haɗu a mota, ta ce, "Marhabin, kun sha hanya." Ta ba ni ruwan wanka, ta karɓe leshina ta zuba masa toka da garin sabulu ta murje shi da kanta, ta ara mini zanen atamfa da ya koɗe. Bayan magariba aka kawo tuwon dawa miyar sure, muka sa hannu mu uku a kwano ɗaya. Ta shimfiɗa mini tabarma da 'yar katifa a ƙasa, kusa da gadonta.

Muna gama ci ta kwance bakin zanenta ta ciro wani abu ta miƙa wa Na'ima. Makullin mota ne, da 'yar fata baƙa a jikinsa. Na maƙwabcinta ne, motar ta ƙone shekarun baya, makullin kaɗai ya tsira.

"Ki riƙe shi gobe. Ba ki ce kina da mota ba, ba ki ce ba ki da ita ba. Su dai su gani."

Na'ima ta ce ita fa ba ta son wannan abin. Gwaggo ta ce yara uku ba su san ba ta so ba. Na'ima ta tashi ta gwada shigowa da shi, ta damƙe shi a tafin hannu kamar wadda ta tsinci abin wani.

Gwaggo ta ce, "A'a, ba haka masu mota ka riƙe shi ba. Ke baƙuwa, ke da kike zaune Gusau, kina ganin Hajiyoyi. Yaya suke yi?"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Bakina ya buɗe, amma abin da ya fito daban. Na karɓi makullin, na saƙala shi a ɗan yatsa, na yi taku uku, na zauna, na jefa shi kan tabarma kusa da waya ba tare da na dube shi ba. Na ce, "Kar ki kalle shi. Mai mota ba ta kallon makullinta."

Suka fashe da dariya har Gwaggo tana share hawaye. Ta ce, "Wallahi kamar kin taɓa mota!" Na'ima ta yi ta gwadawa ina gyara mata, har ta iya. Sau uku na yi niyyar magana kafin mu kwanta. Duk lokacin da na ɗago sai in ga zanena a kan igiya, wanda tsohuwar nan ta wanke da hannunta, sai in fasa.

Da safe na ce zan je in gama ɗan aikina. Dabarata in riga Na'ima isa, in samu Alhaji, in soke sharaɗin tun kafin a fara, yadda abin zai zo da sauƙi. Na tsayar da ɗan kabu-kabu. Yadda mace mai shekaruna da ciwon gwiwa ta hau bayan babur, wannan ku bar shi tsakanina da mutanen unguwar da suka gani.

Mai gadin makarantar ya ga saukowata. Kafin in gama sallama ya ce masu neman aikin girki da shara sai Laraba. Na ce ni ce shugabar kwamiti. Ya ce to, shi kuma shi ne mai makarantar. Ya ja ƙofarsa ya rufe. Na tsaya a rana ina kiran Alhaji, yanzu wayar tana shiga amma ba a ɗauka. Motoci biyu suka zo, ya buɗe musu har da sara musu.

Ina nan tsaye sai ga Na'ima, cikin farin hijabinta, makulli yana lilo a yatsa. Mai gadin ya washe baki. "Sannu da zuwa Hajiya. A waje anka aje motar?" Ta dai gyaɗa kai irin wanda ba a san me yake nufi ba. Sai ta gan ni.

"Inna! Me kike yi a nan?"

Na ce, "Ciki nake son shiga."

Ta juya wurin mai gadin ta ce, "Tare muke, innata ce." Ya buɗe ƙofa, har yana ba ni haƙuri. Haka shugabar kwamiti ta shiga makarantar, albarkacin makullin motar da ta ƙone.

Ba mu yi taku ashirin ba Alhaji Mudi ya fito daga ofis da sauri, babbar riga tana jan ƙasa. "Ranki ya daɗe! Jiya ina gona, ba sabis. Ina motar? Ina Malam Isa?" Ya juya ga Na'ima. "Ke, gaishe da Hajiya, ita ce za ta yi muku tambayoyi."

Ban taɓa ganin fuska ta canja a hankali irin haka ba. Ta dubi silifas ɗinta da ke ƙafata, ta wuce wurin da masu jira suke zaune.

Mutum biyar aka gayyata. Uku sun zo da abin hawansu a kan lokaci. Na huɗu ya iso ƙarfe goma da kwata, ya ce layin mai ne ya riƙe shi, Alhaji ya ce ai wannan ya shafi kowa, Allah ya kyauta. Na'ima ce ta ƙarshe. Ta yi sallama, ta yi taku uku, ta zauna, ta jefa makullin kan tebur kusa da wayarta, ba ta dube shi ba. Ko ni ban fi haka iyawa ba.

Alhaji ya ji daɗi. Ya ce, "Madalla. Wace iri ce motar?"

Ta ce, "Ba ni da mota, Alhaji. Makullin aro ne. Hajiya ta sani, ita ta koya mini yadda ake ajiye shi."

Alhaji ya juyo ya dube ni. Ba ni da sauran wurin ɓuya, sai na ba shi labarin tun daga jarkar man gyaɗa har zuwa ƙofarsa. Na ce sharaɗin nan kuskurena ne, na janye shi, a bar ta ta koyar mu gani kamar yadda sauran suka yi.

Aka kai ta aji. Sauran sun cika allo da rubutu, yara suna hamma. Ita ta tambayi yaran 'ya'yan wa da wa ke zuwa kasuwar hatsi, hannuwa suka tashi. Ta ce in an gauraya tiya biyu ta gero da tiya uku ta dawa, aka ce a cika buhu da irin wannan haɗin, yaya za a yi? Kafin minti goma yara suna rige-rigen fitowa allo. Da ta jefa tambaya ta ƙarshe, wanda ya amsa da ƙarfi daga bayan aji Alhaji Mudi ne, kuma ya ci.

A ofis na ce ita ce, ba na biyunta. Alhaji ya yi ta murza hula.

"Hajiya, na ga abin da kika gani. Amma ke kika rubuta sharaɗin, ni kuma na buga shi har a takardar talla, cewa malamanmu duk masu abin hawa ne. Iyayen yara wurin ajiye motoci suke fara leƙawa kafin su leƙa aji."

Na ce gidan da za ta zauna minti goma ne a ƙasa, ba za ta taɓa makara ba. Ya ce shi ba makara ce ta dame shi ba. Ashe ni kaɗai ce na ɗauka maganar makara ake yi. Na ce to in bai ɗauke ta ba ya nemi wata shugabar kwamitin, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili zan faɗa. Can sai fuskarsa ta washe. Ya ce yana da wata tsohuwar mota a gida da ta shekara uku ba ta tashi ba. Zai sa a jawo ta, a wanke, a ajiye a layin malamai, a rubuta sunan Malama Na'ima a bangon gabanta. Na so in yi gardama, sai na tuna wadda ta fara kawo maganar mota cikin aikin koyarwa. Na sa hannu a takardar ɗaukarta.

Na same ta a baranda na gaya mata. Ta yi hamdala, idonta ya ciko, ta ɗaga kai sama har hawayen suka koma. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Sharaɗin na yafe, Hajiya, ba ki san mu ba lokacin da kika rubuta. Amma jiya kin san mu. Kin ci tuwon gwaggona, kin bar ta tana koya mini ƙarya a gabanki. Wannan ita za ki roƙa, ba ni ba."

Gaskiya ta faɗa. Alhaji ya rantse ba zan sake taka ƙasa a garinsa ba, ya ba ni motarsa da direba su mayar da ni Gusau, ni kuma ban yi musu ba, kar ku ɗauka tafiyar kwana ɗaya ta mayar da ni waliyyiya. Na ce a fara biyawa da mu gidan Gwaggo Tumba. A hanya na shirya kalmomina tsaf.

Motar ta tsaya a ƙofar gidan, unguwa ta fito kallo. Na'ima ta riga ni shiga ta gaya mata komai a tsaye. Na shigo na tarar da tsohuwar ta saki ludayin ƙullu, tana ƙoƙarin durƙusawa a gabana. Na riƙo ta na ce, "Gwaggo, ni na zo ba ki haƙuri."

Ba ta ma ji ni ba. "Ranki ya daɗe, ki gahurce mu! A ƙasa munka kwantar da ke, ni ina bisa gado! Tuwon dawa munka ba ki! Wallahi da na san ke ce da na yanka kaza. Mun ga a motar haya kika zo, mun ɗauka mutum ce irinmu."

Na ce tuwon ya fi mini komai, na ce ni ce mai laifi, na faɗa na sake faɗa. Duk abin da na ce sai ta ce wannan halin manya ne. Ta sa aka kama babban zakaranta, aka ɗaure masa ƙafa, ta bi ni da shi har mota ta tura shi ciki da hannunta. Na'ima tana tsaye a bakin zaure, ba ta taya ni ba, ba ta taya gwaggonta ba.

Haka na baro Tsafe, haƙurin da na je bayarwa ba wanda ya karɓa. Zakaran yana nan a gidana na Damba, yana tashe ni kowace asuba. Malam Isa ya tambaye ni sau biyu ko a yanka shi, na ce a bar shi tukuna.